Kyautar Kirsimeti da kika yi da hannunki ba abin kunya ba ce

'Yata,

Saƙonki ya iso ni, na kuma gode wa Allah da kuke lafiya. Kin ce bana aljihu ba nauyi, kuɗin haya da na makarantar yara sun haɗu muku a wata guda, shi ya sa kike tunanin yin kyaututtukan Kirsimeti da hannunki. Abin da ke damunki shi ne kada dangi, musamman surukanki, su ɗauka rowa ce ko raini. Kin tambaye ni ko al'ada ta yarda da haka, ko kuwa dole sai abin kanti, ko da bashi za a ci.

Al'ada ta yarda, har ma ta fi sanin kyautar hannu a kan ta kanti. Bashi kuwa, kada ki kuskura. Ba na so Janairu ta same ki kina ɓuya daga mai bin ki kuɗi saboda kwalin turaren da aka riga aka manta wanda ya kawo shi.

Bari in faɗa miki inda abin ya samo asali, don hankalinki ya kwanta. Mutane sukan kafa hujja da masanan nan da suka zo daga gabas, waɗanda Matiyu 2:11 ya ce sun buɗe jakunkunansu suka miƙa wa jaririn zinariya da lubban da mur. Kaya ne masu tsada, babu musu. Amma su masu hali ne, sun ba da daidai ƙarfinsu, kuma ba a ce sun tsaya jiran a rama musu ba. Ki dubi gidan da suka shiga. Luka 2:24 ya nuna cewa da Maryamu da Yusufu suka kai Yesu haikali a Urushalima, hadayarsu kurciyoyi biyu ce ko 'yan tattabarai biyu. Idan kika buɗe Littafin Firistoci 12:8 za ki ga wannan hadayar an ajiye ta ne don macen da ba ta da halin ɗan rago. Wato iyayen wanda muke bikin haihuwarsa da hadayar talaka suka je gaban Allah, aka kuma karɓa. To wane ne zai ce miki bikin nan sai mai kuɗi?

Wadda na fi so ki riƙe a ranki ita ce Tabita, da ake kira Dokas, ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta rasu aka kira Bitrus, gwaurayen da suka kewaye shi suna kuka ba kuɗi suka ƙirga masa ba. Riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su suka riƙa nuna masa. Kowace ta ɗaga tata. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai na ji ƙwalla, domin allura da zare ne suka zama shaidar matar nan.

Ita kanta musayar kyauta a ranar 25 ga Disamba daga baya ta zo. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana bikin haihuwar Almasihu a wannan rana na birnin Roma ne, shekara ta 336. A ƙarni na huɗun nan ne kuma aka yi Nikolas, bishop na Mira, a kudancin ƙasar da ake kira Turkiyya yau, wanda ake ba da labarin cewa yakan kai wa matalauta taimako da dare a ɓoye don kada a san shi ne. Har yanzu a Holand da Beljiyam yara kan karɓi kyautarsu a daren 5 ko safiyar 6 ga Disamba don tunawa da shi, a Sifen kuma sai 6 ga Janairu, ranar tunawa da masanan. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, a Landan ne a 1843, wani Henry Cole ya sa aka yi. A ƙarni na 19 ɗin nan ne masana'antu da manyan kantuna suka cika kasuwa da kayan wasa da na ado a Ingila da Amurka, sayen kyauta ya yaɗu. Kafin nan galibin iyalai abin da hannunsu ya iya suke ba juna. Kin ga ke ce ma kike kan tsohuwar hanya.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau. Abin da ke sa a raina kyautar hannu ba rashin tsadarta ba ne, ganganci ne. Idan ɗinki ya karkace, zare na reto, ko aka ba mutum abin da ba shi da amfani da shi, zai gane cewa fita hakki kawai aka yi. Idan kuwa aka dube shi aka yi abin don shi, ko ƙyalle ne, zai sani. Saboda haka kafin ki taɓa almakashi, ɗauki takarda ki rubuta sunayen mutanen, a gaban kowane suna ki sa abin da kika lura yana bukata. Surukarki wadda bangon Littafi Mai Tsarkinta ya fara rabuwa, riga za ki ɗinka masa, da 'yar igiyar sa alama. Mai yawo da allurai da maɓallai a cikin leda, 'yar jaka mai zif. Mai ciwon baya, matashin jingina. Gida mai mutum shida kuma ba sai kin yi abu shida ba, kyauta ɗaya ta gidan gaba ɗaya ta wadatar.

Sannan ki yi lissafi tun da wuri, domin akwai tarko. Mace takan ce za ta yi da hannu don ta rage kashe kuɗi, sai ta sayo fenti kala biyar, da gam, da kintinkiri, da ulu iri-iri, a ƙarshe ta kashe fiye da na kanti. Ki yanke adadin kuɗin da za ki iya fitarwa ba tare da tukunyar gida ta girgiza ba, ki ware shi, kada ki ƙara ko kaɗan. Ki zaɓi sana'a ɗaya ko biyu da kika riga kika ƙware a kai. Watan Disamba ba lokacin koyon kwarashi ba ne idan ba ki taɓa riƙe shi ba. Kuma ki fara da abin da ke cikin gida: ragowar yadi, tsohuwar rigar da jikinta ke da kyau, kwalabe, gwangwanaye, guntayen kyandir.

Tun da kin iya keke, ɗinki ne ƙarfinki. Ki wanke yadin kafin ki yanka, domin auduga tana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba. Ki goge shi, ki yanka duka a zama ɗaya, ki ɗinka duka a wani zaman, ya fi sauri a kan ki gama ɗaya ki soma wani. Kowace kalmasa ki bi ta da dutsen guga kafin ki wuce gaba, ki yanke bakin zaren da ya fito. Gugar nan ita ce rabin kyan ɗinki. Idan kika ƙara harafin farko na sunan mai shi da zare mai kala a gefe, kin gama da shi, ba zai ba kowa aro ba.

Na yara ƙanana kuwa ki yi hattara. 'Yar tsana ko ƙwallon ƙyalle na yaron da bai kai shekara 3 ba, kada ki sa masa maɓalli ko dutsen ado a matsayin ido, zai cire ya kai baki ya shaƙe. Ki yi idon da zare, ki ninka ɗinkin bakin da kika cusa audugar.

Idan za ki yi kyandir daga guntaye, kada ki ɗora kakin kai tsaye a wuta, yana iya kamawa. Ki zuba shi a gwangwani, ki tsayar da gwangwanin cikin tukunya mai ruwan zafi har ya narke, kuma kada ki bar wurin. In tsautsayi ya sa ya kama, rufe shi da murfi, ba a watsa masa ruwa. Lagwanin ya zama zaren auduga mai kauri, ki tsoma shi a kakin ya sandare, ki ɗaure shi a tsinke ki gitta a bakin kofin don ya tsaya a tsakiya. Idan ya huce za ki ga tsakiyar ta lotsa, sai ki ƙara kaɗan a kai. Shuka ma kyauta ce mai kyau: reshen na'a-na'a yakan yi saiwa a cikin ruwa cikin mako ɗaya ko biyu, sai ki dasa a gwangwanin da kika huda ƙasansa. Amma a ba ta wata guda ta kama kafin ranar.

Ga tsofaffi akwai abin da ya fi duk waɗannan. Ki sami ɗan littafin rubutu, ki yi masa bango, ki rubuta sunayen 'ya'ya da jikoki da ranakun haihuwarsu da manyan baƙaƙe yadda ido mai rauni zai gani, ki manna hoto idan akwai. Wannan a gefen gado ake ajiye shi, da shi ake addu'a. In kuma aiki za ki yi alkawari, kamar riƙe wa mai jego yara na wuni guda, ki sa rana, ki cika.

Ranar bayarwa, ki naɗe shi da tsabta, ko da farar takarda ce da zare. Ki kai da ƙafarki inda za ki iya, domin zumunci a ƙafa yake. Kada ki miƙa kina cewa "a yi haƙuri, ba yawa", wannan maganar ke koya wa mutum ya raina abin. Ki ce "na yi miki wannan da hannuna", ki yi shiru. Idan wani ya kawo miki mai tsada, ki yi godiya da zuciya ɗaya, kada ki ɗauke ta bashin da za ki biya. A 2 Korantiyawa 8:12 Bulus ya nuna cewa in dai niyya tana nan, ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba.

Batun surukai, ki zauna da maigidanki ku shirya tare, ya san abin da mahaifiyarsa ke so fiye da ke, kuma ya kamata ku miƙa da sunanku ku biyu. Ku da 'yan'uwanki kuma ku yi magana tun yanzu, a rubuta sunaye a jefa ƙuri'a, kowa ya yi wa mutum ɗaya. Na tabbata ba ke kaɗai ce bana ta matsa ba, kowa jira yake wani ya fara faɗa.

Ina da ragowar yadi masu kyau da zif da ban yi amfani da su ba, ki gaya mini kalar da kike so in aiko miki kafin ƙarshen Nuwamba. Ki gaishe mini da maigidan da yaran.

Goggonki