Amsa ga ƙaninmu na Kano mai neman karatun fiziks na asibiti a waje

Assalamu alaikum ƙaninmu. Saƙonka ya iso mana, mu 'yan uwanka da ke wannan aiki a asibitocin Turai da Amurka. Ka ce ka gama digirin fiziks a Jami'ar Bayero, ka yi bautar ƙasa, kuma Baba yana shirin sayar da filinsa don ka je Ingila ka yi mastas na shekara ɗaya. Kana tambaya ko da wannan takarda za ka samu aiki a sashen gashin ciwon daji, inda ake jinyar cutar da radiyeshon. Gaskiya ita kaɗai ba za ta kai ka ba, kuma muna roƙonka a dakata da maganar filin har ka gama karanta wannan.

Hawa biyu ne da wannan sana'a. Na farko karatun jami'a, na biyu horo a cikin asibiti a ƙarƙashin ƙwararre, wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta ce kada ya gaza shekara 2 a fannin da mutum ya zaɓa: gashi, ko ɗaukar hoto, ko maganin nukiliya. Jami'a tana sayar maka da hawa na farko, na biyun kuwa a nan ake cunkoso. A Ingila sai ka yi rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, kafin a kira ka ƙwararre, kuma babbar hanyar ita ce shirin horon shekara 3 na hukumar lafiyar ƙasar, NHS, da ake kira STP, wanda 'yan ƙasar ma kokawa suke yi kafin su shiga. A Amurka da Kanada, in makarantar ba ta da amincewar CAMPEP, hukumar da ke tantance karatun wannan fanni, da wuya ka samu gurbin horon shekara 2, kuma ba tare da horon ba ba za ka kammala jarrabawar ABR, hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a Amurka, ba. Don haka kafin ka biya ko sisi, rubuta wa makarantar ka tambaye su a wane asibiti ɗalibansu ke yin horo, kuma ko ana ɗaukar baƙi.

Me ya sa ake tsaurarawa haka? Ga abin da za ka riƙa yi da hannunka. Likita ya rubuta a ba majiyyaci gire 2 kowace rana (gire shi ne awon yawan radiyeshon da jiki ya sha), kai ne za ka tabbatar injin gashi da ake kira linak yana fitar da gire 2 ɗin, ba 2.2 ba. Za ka cika tanki da ruwa, ka nutsa ma'aunin da muke kira cemba zuwa zurfin santimita 10, ka buɗe filin hasken injin mai santimita 10 tsawo da faɗi, ka karanta cajin lantarkin a na'urar ilektiromita, sannan ka bi ƙa'idar TRS-398 da IAEA ta fitar a 2000. Cembar nan iska ce a cikinta, kuma a buɗe take, saboda haka zafi da nauyin iska suna canja abin da take karantawa. An daidaita ta ne a kan zafin digiri 20 da nauyin iska kilofaskal 101.3. Kano tana kusan mita 480 sama da teku, nauyin iskarta yana wajen 96. Wanda ya ɗauki lambar da wayarsa ta nuna, wadda galibi an riga an mayar da ita ta bakin teku, ya yi kuskuren sama da kashi 5 cikin ɗari tun bai taɓa injin ba, kuma kowane majiyyaci zai sha wannan kuskure har ranar da aka gano. Zafi ma haka: kowane digiri 3 kusan kashi 1 ne. Ruwan da aka ɗebo daga tankin saman rufi a watan Afrilu sai an bar shi ya huce ya yi daidai da ɗakin, a auna zafin ruwan kansa, ba na bango ba.

An ga abin da sakaci ke jawowa. A Kosta Rika a 1996, bayan an sauya ƙwayar kobal mai fitar da radiyeshon a injin gashi, an karanta minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30 alhali daƙiƙa 18 ce. Majiyyata 115 suka sha radiyeshon fiye da kima, wasu suka rasu.

Shi ya sa ba a barin asibiti ya zama alƙalin kansa. Tun 1969 IAEA da Hukumar Lafiya ta Duniya suke aika wa asibitoci ƙananan ma'aunai ta gidan waya. Ka haska musu gire 2 a cikin ruwa, ka mayar da su ɗakin gwajin hukumar da ke kusa da Biyana, su gaya maka ko kana cikin kashi 5 da aka yarda. In ka fita, a sake aiko wasu, in abin ya ci gaba a taimaka a nemo dalili. Ita ma cembar taka sai an riƙa kai ta ɗakin daidaita ma'aunai lokaci-lokaci, kuma Najeriya tana da irinsa a Ibadan. Duk wannan haɗin kai ne ya buɗe hanyoyin karatun da muke ganin sun fi dacewa da kai.

Ta farko tana Tiriyeste a Italiya. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP, wadda Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shirin shekara 2 tare da jami'ar garin, an yi shi ne musamman don 'yan ƙasashe masu tasowa: shekarar farko a aji da Turanci, ta biyu a cikin asibitin Italiya kana aiki a kan inji. Ana samun tallafin karatu, amma guraben kaɗan ne, kuma sai mai mastas a fiziks ko makamancinsa. Ma'ana mastas ɗin da za ka yi a gida da kuɗi kaɗan zai iya zama tsaninka. Ta biyu ita ce guraben horo na IAEA. Su ba a neman su kai tsaye kamar gurbin jami'a. Asibiti ko cibiyar da kake wa aiki ce za ta gabatar da kai, takardar ta bi ta Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya a Abuja, da sharaɗin za ka dawo bakin aikinka. Wanda ba ya cikin wata ma'aikata ba shi da ƙofar shiga. Kada kuma ka raina Afirka: Jami'ar Gana tana da makarantar kimiyyar nukiliya kusa da Akara da ke horar da 'yan ƙasashe da dama, Afirka ta Kudu kuma tana da tsarin horon shekara 2 da rajista. In kana da ƙanwa a wannan layi, IAEA ta buɗe tallafin mastas na mata zalla mai sunan Marie Curie a 2020.

Abin da za ka fara tun yanzu ba ya bukatar biza. Je sashen hoto na Asibitin Malam Aminu Kano ka nemi izinin bin masu gwajin ingancin injina, ko da ba albashi. Ka leƙa Shika, inda sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Ahmadu Bello ya daɗe, da cibiyar binciken makamashi ta CERT a Zariya. Ka buɗe littafi kana rubuta duk awon da ka halarta, da kwanan wata da sunan injin, wanda ya kula da kai ya sa hannu. Masu tantancewa a waje suna ba wannan littafi da wasiƙar shugaban sashe muhimmanci ƙwarai. Ka shiga ƙungiyar masu wannan sana'a ta Najeriya, NAMP, domin ta hanyarta ake haɗuwa da FAMPO ta Afirka da IOMP ta duniya, wadda aka kafa a 1963, kuma ta nan sanarwar bita da tallafin tafiya ke fitowa. Littafin koyarwa na IAEA kan fiziks na gashi kyauta ne a shafinsu, sauke shi ka fara da babin awon radiyeshon. Ka san kuma cewa aikin nan daban yake da na mai ɗaukar hoto, wanda digirinsa da rajistarsa daban ne, don kada a sa ka a layin da ba naka ba.

Takardar sakamakonka daga jami'a takan ɗauki lokaci kafin ta fito, ka nema tun yau, tare da fasfo. Idan ka haɗa su, turo mana jerin darussan da ka yi a aji uku da aji huɗu, mu duba ko akwai giɓi a fiziks na nukiliya ko ilektironik da ya kamata ka cike kafin ka nemi mastas. A gaishe mana da Baba da mutanen gida.