Amsa ga ƙanena kan injin kafe da ya ƙi tada kumfa

Salamu alaikum jama'ar zaure, ina kwananku? Ƙanena, na saurari saƙonka tun daren jiya, ka ce injin kafen da ka sa a shagonka na wajen kasuwar Dole yana ɗumama madara amma kumfa ta ƙi tashi. Kar ka kai shi wurin mai gyara tukuna.

Ka dubi mai shayi in yana ɗaga buta sama yana tsiyayowa, ya juye, ya sake juyewa. Iska yake cusa wa shayin, ita ce kumfar. To injinka ma aikinsa ke nan, sai dai shi da tururi yake yi.

Wannan siririn bututun ƙarfen da tururi ke fitowa ta cikinsa, ina jin kana nutsa shi har gindin kofi. In ka yi haka zafi kawai kake ba madarar. Ɗago shi, bakinsa ya tsaya daidai ƙarƙashin fuskar madara, har ka ji yana “tsss, tsss” kamar ana yaga takarda. Wannan ƙarar, iska ce ke shiga. Kuma tun madarar na da sanyi za ka yi, daga firigo kai tsaye. Da kofin ya yi ɗumin jikin mutum, sai ka ƙara nutsa bututun kaɗan, ka karkata kofin, madarar ta riƙa juyawa tana fasa manyan kumfa su koma ƙanana, su yi laushi kamar kindirmo. Ka kashe a digiri 60 zuwa 65, wato lokacin da tafin hannunka ya kasa jure kofin. In ta wuce 70, furotin ɗin da ke riƙe kumfar ya lalace, ga ƙauri.

Wallahi ni ma da nake aiki a wani otel a Yamai, sati biyu ina ɓata madara kafin kunnena ya kama wannan ƙarar.

In kuwa naka mai zuƙo madara da kansa ne ta tiyo, akwai wata 'yar kafar iska a kansa, kamar ta allura. Tururi na wucewa da gudu ta matsatsin wuri, sai ya jawo madara da iska tare. Ƙurar hunturun Damagaram da busasshiyar madara suna toshe ta. Kwance kan, jiƙa shi a ruwan ɗumi, ka wanke.

Madarar gari tana yi in ka dama ta da kyau ta yi sanyi. Ta gwangwani mai sukari kam, kar ka saka ta a tiyo. Turo min hoton bututun in gani.