Ciki bayan dashen ƙoda

Tambaya: Likita, wata takwas da yi mini dashen ƙoda, kuma dangin maigidana sun fara zancen haihuwa. Zan iya ɗaukar ciki yanzu? Daga wata baiwar Allah, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malama, dakata tukuna. A cika shekara ɗaya aƙalla, ƙodar ta zauna lafiya, fitsari ba furotin mai yawa.

Babban abin tsoro shi ne hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Yana kama kusan mace ɗaya cikin huɗu masu dashe. Bayan mako 20 na ciki, in awon hawan jini ya kai 140/90, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ido na ganin dishi-dishi, fuska da hannaye suka kumbura har zobe ya matse yatsa, sai asibiti a ranar. Kada a ce kumburin ciki ne kawai.

Maganin mycophenolate, mai hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, yana iya nakasa jariri; likita ke canza shi da wani mai irin aikinsa, azathioprine, aƙalla mako shida kafin ciki. Maganin hawan jini lisinopril ma a sauya shi da labetalol ko nifedipine. Ana fara ƙaramin asfirin daga mako 12, a riƙa auna tacrolimus, shi ma maganin hana jiki ƙin ƙoda, don yana raguwa a jini lokacin ciki. Haihuwar bakwaini ba baƙuwa ba ce ga masu dashe.