Cire akwatin iyakilina a ɗaura buɗaɗɗiya: ni dai na gwada

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya ko mashin ɗinka Boxer zai ƙara gudu in ka cire akwatin iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, ka ɗaura 'yar buɗaɗɗiyar nan mai kama da mazurari. Na taɓa yi wa nawa, tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013, lokacin ina zirga-zirga tsakanin Kurna da Bata.

Ranar farko daɗi kamar me. Ka murɗa totur ka ji kafireta tana zuƙar iska fuuu, yaran layi suna waiwaye. Ashe ƙara ce kawai ta ƙaru. In na fizgi totur daga danja sai mashin ya yi kamar ya shaƙe, sannan ya ɗauka. In na saki kuma salansa ta riƙa tas-tas. Da na kwance filogi sai na ga bakinsa fari fat kamar alli.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Inji yana son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi, kuma kamfani ya zaɓi jet ɗin kafiretarka ne, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi, da lissafin wannan akwatin. Ka cire shi, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi. A zafin Afrilu, cikin cunkoson Kantin Kwari, wannan ba wasa ba ne: bawul yana iya ƙonewa, fistin ma haka. Gwaji mai sauƙi: bayan inji ya yi ɗumi, ɗan ja cok. In ka ji ya fi lafiya, to yunwar mai yake ji.

Bakanikena ya ƙara girman babban jet, ya sauko da kilif ɗin allurar kafireta gida ɗaya don ta ɗaga, ya daidaita sukurun silo. Filogi ya dawo ruwan ƙasa, kalar shayi da madara, shaƙewar ta tafi, shan mai ya ƙaru. In har ka nace sai ka yi, lambar jet tana rubuce a jikinsa. Hau mataki ɗaya-ɗaya, kana duba filogi. Amma ka sani babban jet sai ka kusa ƙure totur yake aiki sosai. Sau nawa kake ƙure totur a cikin gari? Allura da ƙaramin jet su ne ke ɗauke da kai kullum.

Abin da ya gama da ni hunturu ne. Ƙurar nan da ke tasowa daga Chadi daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke rufe Dutsen Dala har ka kasa hango shi, laushinta kamar hoda, kuma ragar buɗaɗɗiyar mai araha ba ta tare ta. Wata rana bakaniken ya ce in zura yatsa cikin maƙogwaron kafireta. Na fito da shi ja-ja, na murza, na ji ƙuras-ƙuras. Bai ce uffan ba, dariya kawai ya yi. Kafin damina mashin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, dole na sauya fistin da ringi aka yi wa bulok gyara. Damina kuma da nata: ruwan Agusta yana feso buɗaɗɗiyar kai tsaye, mashin ya mutu maka a tsakiyar titi.

Yanzu akwatina yana nan yadda ya zo. In soso ne a ciki, ina wanke shi da kananzir, ya bushe, in ɗiga baƙin mai kaɗan in matse shi a tafin hannu ba tare da murɗewa ba, don murɗa tana yaga shi. Da hunturu duk mako biyu nake yi. In na takarda ne kada ruwa ya taɓa shi, kakkaɓe shi ko ka sayi sabo.

Kafin ma ka ce mashin ba ya ja, duba robar da ta haɗa kafireta da inji. Rana tana tsattsaga ta, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma alamominta iri ɗaya ne da waɗanda na lissafa maka. Allah ya tsare hanya.