Babban dutse a furostet: magani zai narkar da shi ko sai an yi aiki?

Tambaya: Salam likita. Babanmu shekararsa 64, fitsari sai ya yi ta yunƙuri yake fita ɗis-ɗis, ga zafi, wani lokacin har da jini. An yi sikanin an ce akwai dutse a furostet ɗinsa kusan santimita 4, wai sai tiyata. Wani mai magani ya ce a ba shi sati biyu zai narkar da shi, kawunmu kuma ya ce aikin na kashe mazakuta. Wallahi duk mun rikice.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƙananan duwatsu a furostet, wato ƙullutun naman da ke ƙasan mafitsarar namiji wanda hanyar fitsari ta ratsa ta cikinsa, ba abin damuwa ba ne, dattawa da yawa na da su ba su ma sani ba, mu ma ba ma taɓa su. Amma santimita 4 ga fitsari na ɗiga, wannan zance ne daban. Irin wannan dutsen ba ya girma haka kawai, yawanci akwai abin da ya tare fitsarin yana komawa cikin furostet, ko hanyar fitsari ce ta tsuke saboda tsohon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko jijiyoyin mafitsara ne suka yi rauni. Don haka sikanin kaɗai bai wadatar ba. Za a duba shi da yatsa ta dubura, wani lokacin har ka ji duwatsun na gogar juna ƙurus-ƙurus, a yi hoton CT, gwajin fitsari, gwajin ƙoda, da PSA, wato gwajin jini na neman alamar ciwon dajin furostet, tunda dutse da ciwon daji duk tauri suke a yatsa, sannan a leƙa hanyar fitsarin da kyamara.

To maganar mai magani kuma. Dan Allah ku raba Baba da shi. Kullum sai mun ji wannan zancen, wai a sha jiƙo, a sha kanwa da lemun tsami, dutse zai narke. Ta ina? Yawancin dutsen furostet kalsiyam ne da fosfet, babu abin da mutum zai sha ya narkar da shi, kuma yana maƙale ne cikin naman furostet ɗin. Abin da waɗannan jiƙe-jiƙen ke yi shi ne su ƙara yawan fitsari, alhali ƙofar fita a toshe take, kamar ka yi ta ɗura ruwa a kwatar da ta cushe. Mafitsara ta cika ta kumbura, fitsari ya koma sama, ƙoda ta lalace a hankali ba tare da wani ciwo ba. Sai an kawo mana dattijo ƙafafu a kumbure yana amai, a maimakon maganar cire dutse mun koma maganar wankin ƙoda, shi kuwa mai lasifikar ya riga ya tada motarsa zuwa wata kasuwar. Haka masu kemis da ke ta ɗirka masa kafso, ƙwayoyin cutar cikin dutsen suke ɓuya, zafin ya lafa sati ɗaya ya dawo, ƙarshe maganin ya daina ci.

Aikin iri biyu ne. Ko a shiga ta hanyar fitsari ba yanka, a farfasa dutsen da leza a kwashe, ko in ya yi girma da yawa a yanka ƙasan cibiya a ciro shi. In hanya ta tsuke dole a gyara ta, in ba haka ba wani dutsen zai sake taruwa. Zai yi ƴan kwanaki da robar fitsari.

Ku gaya wa Kawu yawancin maza ƙarfinsu na nan bayan aikin. Abin da ya fi faruwa, in an kankare furostet, maniyyi kan koma cikin mafitsara ya fita da fitsari, ba ya cutarwa sai dai yana rage haihuwa, wasu kuma fitsari ya ɗan riƙa kufce musu na wani lokaci.

Ku nemi likitan mafitsara a asibitin koyarwa mafi kusa da ku. In kuwa fitsarin ya tsaya cak, ko zazzaɓi da rawar sanyi suka kama shi, ko tsakar dare ne ku kai shi, kar ku jira ranar da aka ba ku.