Zakkar coci ko kuɗin maganin Mama?

Ɗan'uwa, ka ce albashin gadin da kake yi a Ikeja ba ya kai ko'ina, ga Mama kwance a gida ba lafiya, zakka za ka fara cirewa ko kuɗin magani? Tura wa Mama kawai, kar ka tsaya dogon tunani. Yesu da kansa a Markus sura 7 ya tsawata wa Farisiyawa don suna barin mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya zama na Allah, 1 Timoti 5:8 ma ta fi haka zafi, ta ce wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bi muni.

Amma fa kar ya zama hujjar kowane wata. Na ga samari a zumuntar matasanmu nan Agege, da "wata mai zuwa zan cika" ake farawa, can sai ka daina ganinsu a sujadar Hausa gaba ɗaya wai kunya, alhali babu mai leƙa ambulan ɗin zakkar wani. Ka samu fastonku bayan an tashi ka gaya masa halin da ake ciki, wani lokaci ma zumuntar mata kan haɗa ɗan abin da za a ƙara maka.