Hajiya, kuɗin lasisin shi ne mafi sauƙi a cikin lissafinki

Wata Hajiya mai shagon atamfa da kayan miya a Brooklyn Park, jihar Minisota ta Amurka, ta aiko da tambaya. Ta tara dala 30,000, tana so ta buɗe kamfanin da zai riƙa tura ma'aikata gidajen tsofaffi da marasa lafiya su kula da su. An ce mata lasisi kawai za ta yanka a fara aiki. Tana tambaya: nawa ne lasisin, me gwamnati ke yi da kuɗin, kuma abin da ta tara zai isa?

Hajiya, Allah Ya sa albarka a niyya. Wanda ya ce miki lasisi kawai za ki yanka, rabin zancen ya gaya miki.

A Amurka kowace jiha da dokarta a kan wannan sana'a, don haka kada ki ɗauki labarin 'yar'uwarki ta Ohayo ko ta New York ki ɗora a kan Minisota. A jiharku Ma'aikatar Lafiya ce ke ba da lasisin, kuma hawa biyu ne. Ƙaramin lasisi ya ba ki damar taimaka wa mutum wanka, sa tufafi, cin abinci, kewayawa, da tuna masa lokacin shan magani. Da zarar aikin ya kai ga tsara masa magani, ko ciccibarsa daga gado zuwa kujera, ko wani abu na aikin nas, to ya zama na babban lasisi, kuma dole a samu cikakkiyar nas mai rajista da za ta duba majiyyaci ta kuma sa ido kan ma'aikata. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Tsohuwar da yau take miƙewa da kanta, bayan wata shida sai an ɗaga ta, ke kuma lasisinki bai kai nan ba: ko ki sallame ta ga wani kamfani, ko ki karya doka.

Kuɗin neman lasisin farko dala 2,100 ne na ƙarami, 4,200 na babba, kuma ba a mayarwa ko da an ƙi ba ki. Bayan haka kowace shekara za ki sabunta, kuɗin sabuntawar kuma yana hawa ne gwargwadon cinikin da kamfanin ya yi. Game da inda kuɗin ke tafiya, ana zuba shi ne a wani asusu na musamman na jihar, daga nan ake ɗaukar nauyin aikin ba da lasisi da na masu zuwa bincike. Wato ke da sauran masu kamfanoni ku ne kuke biyan wanda zai zo ya buɗe muku fayil. Wasu na ƙorafi a kan haka. Ni ban ga abin ƙorafi ba, domin wannan binciken ne ke sa ɗa ya yarda baƙuwa ta shiga ɗakin mahaifiyarsa alhali shi yana wurin aiki. Amanar nan ita ce hajar da kike sayarwa.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, lasisin farko na gwaji ne, shekara ɗaya. Kina fara aiki da majiyyaci na farko za ki sanar da ma'aikatar, su kuma su zo bincike ba tare da sun sa miki rana ba. In kin tsallake a ba ki cikakken lasisi, daga nan ana iya dawowa aƙalla sau ɗaya a shekara uku, ban da zuwan da za a yi in wani ya kai ƙara. In kuwa shekarar ta ƙare ba ki samu majiyyaci ko ɗaya ba, lasisin ya mutu, sai sabon nema da sabon biya. Saboda haka kada ki kai takarda tun ba ki san gidan da za ki fara shiga ba.

Masu binciken ba kyan ofis suke dubawa ba. Takarda suke bi: yarjejeniyar aiki da kowane majiyyaci, shaidar cewa kowace ma'aikaciya ta samu horo, an gwada ta tarin fuka, an kuma binciki tarihinta ta hannun Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a kafin ta taɓa kowa. Mu 'yan kasuwa mun saba da ciniki na baki da amana. A wannan sana'a aikin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne, kuma kuskure mai nauyi yana jawo tara ta dubban daloli. Jihar ta ƙara tsanantawa tun bayan rahoton mai binciken majalisa na 2018, wanda ya nuna gazawar ofishin karɓar ƙorafe-ƙorafe kan cin zarafin tsofaffi, abin da ya kai ga sabuwar dokar kare su a 2019.

Yanzu ga babbar tambayar da ba ki yi ba: wa zai biya ki? Medicare, inshorar tarayya ta masu shekara 65 zuwa sama, ba ta biyan wanka da girki da zaman jinya su kaɗai. Manyan masu biya biyu ne: iyalai daga aljihunsu, ko Medicaid, shirin marasa ƙarfi. Shi Medicaid ƙofarsa daban, a Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a take, lasisin Ma'aikatar Lafiya ba ya buɗe ta da kansa. Akwai rajista ta daban, wasu ayyukan har da takardar lamuni daga kamfanin inshora. Dokar tarayya ta 2016 ta kuma wajabta a riƙa tabbatar da shiga da fitar ma'aikaciya ta na'ura, yawanci da manhajar waya. Ga shi bayan badaƙalolin damfara da suka girgiza jihar, a Oktoban 2025 Gwamna Tim Walz ya sa a riƙa tantance takardun neman biya na ayyuka 14 kafin a saki kuɗi, kuma kula da mutum a gida na cikinsu. Mai gaskiya ma jira take yi.

Ma'aikata kuwa ba sa jira. Yi lissafin da kanki: a ce ma'aikata huɗu, kowacce awa 30 a mako, a ce dala 20 a awa. Dala 2,400 ke nan a mako, kusan 10,000 a wata, kafin ki ɗora kashi 7.65 cikin ɗari na harajin tarayya da mai ɗaukar aiki ke biya, da inshorar raunin ma'aikata, da inshorar ɓarna, da ladan nas. In biya ya makara wata biyu, dala 30,000 ɗinki ta kusa ƙarewa alhali kamfanin a takarda riba yake ci.

Shawarata, kada ki sayar da shagon, shi zai ciyar da gida a shekarar farko. Ki fara da iyalai biyu ko uku masu biya daga aljihu, waɗanda ke neman mai jin Hausa, mai girka abincin halal, mace ta yi wa mace wanka. Wannan fifiko ne da manyan kamfanoni ba su da shi. Ki ware kuɗin albashin wata uku a asusun da ba kya taɓawa. In bai cika ba kuma kina gudun bashi mai ruwa, ki shirya kwasar adashinki ta faɗo lokacin buɗewa, ko ki nemi nas ta shigo a matsayin abokiyar tarayya da rubutacciyar yarjejeniya. Da ita sai ki tafi kai tsaye ga babban lasisi.

In wani ya ce ki zo ki yi aiki a ƙarƙashin lasisinsa ki riƙa ba shi kaso, ki ce masa a'a. Doka ta hana miƙa lasisi ga wani, ko sayen kamfani aka yi sai sabon mai shi ya nemi nasa. Kafin ki biya ko sisi, ki shiga shafin intanet na Ma'aikatar Lafiya ki karanta sakamakon binciken da aka yi wa kamfanoni uku na yankinku, a buɗe yake ga kowa. Laifukan da aka kama su da su, su ne jerin abubuwan da za ki shirya.